Na'urar da Ke Faɗin Inda Matafiyi Yake

A shekarar 1977 wani Bafaranshe mai suna Thierry Sabine ya ɓata da babur ɗinsa a hamadar Sahara, ana cikin tseren da ya tashi daga Abijan. Sai bayan kwanaki aka hango shi daga jirgin sama. Da a yau ne, da wata 'yar na'ura wadda ba ta fi tafin hannu ba ta rage masa wahala.

Bari mu lura da abin da yakan rikita ɗalibanmu. GPS na cikin waya saurare kaɗai yake yi. Yakan karɓi sigina daga taurarin ɗan'adam aƙalla 4, ya nuna wa mutum inda yake, amma ba ya gaya wa kowa. In mai babur ya faɗi ya karye a dajin da babu sabis, shi kaɗai ya san wurin.

Na'ura irin Garmin inReach kuwa takan aika da saƙo ta taurarin Iridium guda 66. Ana iya saita ta ta riƙa nuna wa na gida inda matafiyi ya kai bayan kowane minti 10, tana kuma da maɓallin neman agaji. Sai dai ana biyan kuɗin wata-wata, kuma tana son sarari a buɗe; kwazazzabo mai zurfi yakan tare ta.

A jiki ake ɗaura ta, ba a kan babur ba. Mun sha ganin yadda babur ke jan ƙasa ya bar mai shi a baya, wanda ƙafarsa ta karye kuwa ba zai iya rarrafawa ya kai gare ta ba.