Mudu Biyu A Rumbu Ɗaya: Darasi A Kan Doka Da Alheri

Karatu: Luka 19:1-10, Romawa 3:19-24

'Yan'uwa cikin Almasihu, a zagayen da muke yi na bankunan hatsi, akwai maganar da muke yawan ji idan aka auna hatsi aka tarar bai cika ba: "Ai muna ƙarƙashin alheri, a yafe kawai." Gaskiya ne muna ƙarƙashin alheri. Amma bari mu duba abin da Littafi Mai Tsarki ya koya mana.

Doka tana tona zunubi

A Maimaitawar Shari'a 25:13-16, Allah ya hana mutanensa ajiye ma'auni iri biyu, babba da ƙarami. Wanda yake karɓa da babban mudu, yana bayarwa da ƙarami, ya yi zunubi ko da kwamiti bai gani ba. Haka ma wanda ya ci bashin gero da damina, kaka ta yi ya ƙi biya alhali rumbunsa cike yake. Abincin gwauruwa da maraya ya ci. Bulus ya nuna a Romawa 3:20 cewa aikin Doka shi ne ta sanar da mu zunubinmu. Kamar madubi take: tana nuna datti, amma ba ta wankewa.

Alheri kyauta ne

Zakka shugaban masu karɓar haraji ne a Yariko, mutane kuma sun ɗauke shi mai zunubi. Yesu ya kira shi da suna, ya ce zai sauka a gidansa, tun bai mayar wa kowa ko kobo ba. Ba a sayen ceto da aikin kirki (Afisawa 2:8-9). Yesu ya riga ya biya a kan gicciye.

Bin Yesu yana da tsada

Da alheri ya shiga gidan Zakka, aljihunsa ma ya ji. Ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, wanda ya cuta kuma zai mayar masa ninki huɗu, kamar yadda Fitowa 22:1 ta ɗora wa ɓarawon tunkiya. Ba wanda ya tilasta masa.

Wani fasto ɗan Jamus, Dietrich Bonhoeffer, ya rubuta littafi a 1937 yana gargaɗi a kan alheri mai araha, wato neman gafara ba tare da tuba ba. Ya ƙi bin Hitler, aka rataye shi a watan Afrilu 1945. Wataƙila mu ba za a nemi ranmu ba. Tsadar da ke gabanmu tana iya zama buhu biyu na dawa, ko kunyar tsayawa gaban dattawan ikkilisiya mu ce, "Ni ne na ɗiba." Wanda ya zo da tuba kuwa, kada mu kore shi da gori.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Wane hakki ne na wani yake hannunmu har yau?
2. Yaya ikkilisiyarmu take karɓar wanda ya furta laifinsa?
3. Me za mu gyara a bankin hatsinmu kafin kaka?

Addu'a: Ya Uba, mun gode domin alherinka. Ka ba mu ƙarfin hali mu mayar da abin da ba namu ba, cikin sunan Yesu. Amin.