Shurin bindiga: gajeriyar raifal mai faɗin baki ko shotgan mai dunƙulen dalma?

Wani mai bibiyar wannan shafi, injiniya da aikin binciken ma'adinai ya kai jihar Alaska ta Amurka, ya aiko da tambaya. Ya ce dajin da suke aiki akwai beyar, don haka duk mai fita dawa sai ya karɓi horo ya rataya ɗaya daga bindigogi biyu: gajeriyar raifal ta Marlin mai cin harsashin .45-70, ko shotgan mai lamba 12 da ake ɗura wa dunƙulen dalma guda, wanda suke kira sulog. Abokan aikinsa sun tsorata shi da raifal ɗin, wai tana goce kafaɗa. Shi kuwa ya taɓa harbin zabin daji da shotgan a gida, shi ya sa hankalinsa ya fi kwanciya da ita. Yana so ya san wadda ta fi shuri.

Malam Injiniya, Allah ya tsare ku a wannan daji. Abokan naka sun faɗi rabin gaskiya ne. Abin da aka ɗura a ciki shi ke yanke hukunci, domin raifal ɗin nan guda tana iya zama mai laushi fiye da shotgan ɗin da ka saba da ita, tana kuma iya zama muguwa, gwargwadon kwalin harsashin da aka miƙo maka.

Asalin shuri ba ɓoyayyen abu ba ne. Da ƙarfin da albarushi ya tura harsashi gaba, da shi ya turo bindiga baya. Abu huɗu ake haɗawa a lissafa: nauyin harsashi, gudunsa, nauyin albarushin da ya ƙone ya fita a matsayin iska mai zafi, sai nauyin bindigar kanta. Uku na farko suna ƙara shuri, na huɗun yana rage shi. Sa'ar da muka yi, bindigogin nan biyu nauyinsu kusan ɗaya ne, wajen kilo 3.2 ba tare da harsashi ba, kuma bututunsu duk inci 18 da rabi ne ko kusa da haka. Saboda haka gwada su da juna ba zai yi wuya ba.

Harsashin .45-70 tsoho ne ƙwarai. Sojan Amurka suka fara aiki da shi a 1873 a bindigar Springfield da ake buɗewa ta sama kamar murfi. Tun da har yau akwai masu harba irin waɗannan tsofaffin bindigogi, manyan kamfanoni suna yin harsashin yau da kullum da sassauci don kada ya fasa su. Dalma mai giram 26 ce, tana gudun mita 405 a daƙiƙa. A bindiga mai kilo 3.2, lissafi yana ba da shurin da bai wuce jul 25 zuwa 27 ba (jul shi ne ma'aunin ƙarfin shuri). Harsashin tsuntsaye da ka harbi zabi da shi yana kaiwa jul 30. Ka ga ashe ka riga ka sha abin da ya fi wannan.

Sulog na gama-gari, mai kwanson inci 2¾, dalmarsa giram 28 ce, gudunta kusan mita 490 a daƙiƙa, ga kuma toshiyar roba da ke bayanta wadda ita ma sai an tura ta. Shurinsa yana tsakanin jul 40 da 48. Wato ya kusa ninka na raifal ɗin sau biyu. Mutane da yawa ba sa yarda da wannan sai sun harba su a jere.

Inda abokanka suke da gaskiya shi ne a manyan harsasai. Tun da Marlin ta fito da wannan gajeriyar raifal da ta sa wa suna Guide Gun a 1998, ƙananan kamfanoni irin su Buffalo Bore da Garrett suke yi mata harsashi mai taurin dalma don manyan namun daji. Dalma mai giram 28 da ke gudun mita 570 zuwa 590 a daƙiƙa tana kai shuri sama da jul 60. To amma ita ma shotgan tana da nata gwarzayen. Sulog irin na Brenneke mai kwanson inci 3, mai giram 39, yana kaiwa jul 70. A nan sama dai duk jirgi ɗaya ya kwaso su, kuma dukansu sun wuce .375 H&H a bindiga mai kilo 4, wadda ake farautar ɓauna da ita a Afirka, mai shurin jul 50. Masana harbi sun daɗe suna cewa yawancin mutane suna fara lalata saitinsu da zarar shuri ya haura jul 27, wato kwatankwacin na raifal mai cin harsashin .30-06.

Sai dai lissafi daban, abin da jiki ke ji daban, kuma a nan ne gajartar bututu take shigowa. Yanke bututu yana ɗan rage gudun harsashi, wanda a takarda ragin shuri ne. Amma yana rage nauyin bindiga, kuma nauyin da ya tafi na gaba ne, wanda ke danne bakinta. Sai ka ga baki ya ɗaga sama, gindin ya mari kumatu. Bayan haka, iskar albarushi tana fita da sauran matsinta, kusa da fuskarka. Raifal tana aiki da matsi da ya ninka na shotgan fiye da sau biyu, shi ya sa ƙararta ta fi tsini, walƙiyar bakinta ta fi yawa. Ƙwaƙwalwa ba ta raba ƙara da duka. In kunne ya ji zafi, sai mutum ya rantse kafaɗarsa ce ta ji. Guide Gun na farko-farko an huda musu ramuka kusa da baki don rage ɗagawa, sun rage ɗin kuwa, amma sun ƙara ƙara har wanda ke tsaye a gefe ya fi mai harbin shan wahala.

Akwai kuma saurin zuwan shurin. Buhun gero in an ɗora maka a kafaɗa za ka ɗauka, in an jefo maka shi daga kan mota sai ya kayar da kai, alhali nauyin bai canja ba. Babban harsashin raifal yana zuwa da fizga, sulog ya fi kama da turi mai nauyi. Wasu sun fi jure wannan, wasu wancan. Shotgan mai ɗura kanta da iskar albarushi tana shimfiɗa shurin a kan lokaci mai ɗan tsawo, shi ya sa ta fi mai famfo, wadda ake ɗurawa da jan hannu, daɗin harbi ko da harsashinsu ɗaya.

Kada kuma zabin da ka harba su yaudare ka. Mai harbin tsuntsu yana tsaye, jikinsa a sake, hankalinsa yana kan abin da ke tashi, bai ma san lokacin da bindiga ta tashi ba. Mai harba sulog kuwa yana tsayawa ya auna, ya riƙe numfashi, yana jan kunama a hankali yana jiran duka. In a zaune yake ya jingina ƙirji da tebur, jikinsa ba shi da wurin ja da baya, duk ƙarfin a kafaɗa zai ƙare.

Ga abin da za ka yi. Ranar horo ka roƙi a ba ka dukansu biyu, ka fara da mafi sauƙin harsashi: .45-70 na yau da kullum, da sulog mai rangwamen shuri wanda gudunsa bai wuce mita 370 a daƙiƙa ba. Ka harba a tsaye, ƙafar hagu a gaba in kai badame ne, ka ɗan rusuna gaba, gindin bindiga ya zauna a lungun da ke tsakanin ƙashin wuya da kan kafaɗa. Ka ja ta ta manne sosai. Ko ɗan yatsa ɗaya ka bari tsakaninta da jikinka, ka ba ta filin ɗauko gudu kafin ta same ka. Kumatu ma ya kwanta a kan itacen, kada ya yi shawagi a sama. A raifal mai liba irin ta Marlin ɗin nan, hannun dama ya riƙe da ƙarfi, in ba haka ba ƙarfen libar zai buge maka gaɓoɓin yatsu har su kumbura.

Ka toshe kunne ninki biyu, soso a ciki, marufi a waje. Ƙarar irin waɗannan bindigogi ta wuce desibel 150, kuma abin da ya haura 140 yana iya lalata ji daga harbi ɗaya. Da yawa suna mamakin yadda shuri yake raguwa da zarar kunne ya huta.

Ka gwada bindigar da rigar sanyin da za ka sa a dawa. Gindin da ya yi maka daidai da riga ɗaya zai yi tsawo a kan jibgegiyar riga, ya riƙa maƙalewa a hamata lokacin da kake gaggawa. In robar gindin ta bushe ta yi tauri, a canja ta da mai laushi, kuɗinta kaɗan ne. Ƙarin nauyi ma magani ne: daga kilo 3.2 zuwa 3.6 shuri yana sauka da kusan kashi 11 cikin ɗari, kuma cika ta da harsashi da maƙala mata aljihun harsashi a gindi sun isa su kawo wannan ƙari. Madubin saiti kuwa, in za a ɗora, ya kasance mai nisa da ido. Wanda ya matso da gira kusa da shi zai koma sansani da ɗinki.

Cutar da ta fi kumburin kafaɗa illa ita ce zabura, wato mutum ya runtse ido ya danna bakin bindiga ƙasa kafin ta tashi. Mai ita ba ya sani. Ka sa malamin horo ya ɗura maka, ya cakuɗa harsashin wasa marar albarushi a ciki ba tare da ka san inda yake ba. In kunama ta ce ƙas kuma bakin bindiga ya yi ruku'u, to ka kamu. Maganinta komawa ƙaramin harsashi da yawaita atisaye da bindiga marar komai a ciki, bayan ka duba ka sake dubawa. Manyan harsasan kuma ka harba uku zuwa biyar a zama ɗaya, don ka san inda suke sauka, ka tsaya haka nan.

Abu biyu ba a wasa da su. Kada a sa kwanson inci 3 a shotgan da aka rubuta wa inci 2¾, ka karanta jikin bututun da idonka. Kuma manyan harsasan .45-70 na raifal ta zamani ne mai ƙarfi, ba a kusantar tsohuwar Springfield da su.

In ka ce sai na zaɓa maka, Malam Injiniya, zan ce ka ɗauki wadda za ka iya sa harbi uku a jere cikin faɗin faranti daga mita 25, cikin hanzari, ido a buɗe. Ga wanda hannunsa ya saba da famfo, yawanci shotgan ce za ta ci, duk da cewa sulog ɗinta ya fi .45-70 na yau da kullum shuri. Ko wacce ka ɗauka, ka rataya feshin barkonon korar beyar a ƙugu inda hannu zai kai gare shi nan take, kuma kada ka taɓa bindiga a can sai bisa dokar jihar da izinin kamfaninku.