Amsoshin Tambayoyinku: Matasan Afirka a Gasar Ƙwallon Kwando ta Duniya

Wani mai saurarenmu daga Cadakori a jihar Maraɗi yana tambaya: shin matasan wata ƙasar Afirka sun taɓa kaiwa wasan ƙarshe a gasar ƙwallon kwando ta duniya?

Malam, sun taɓa, kuma maƙwabtanku ne, 'yan Mali. A watan Yulin 2019 hukumar FIBA ta shirya gasar samari 'yan ƙasa da shekara 19 a birnin Heraklion na ƙasar Girka. Mali ta je a matsayin zakaran Afirka, domin ta ci kofin 'yan ƙasa da shekara 18 a Bamako a 2018.

A wasan kusa da na ƙarshe yaran suka doke Faransa da ci 76 da 73. Sai Amurka ta tsayar da su a wasan ƙarshe, 93 da 79, suka dawo gida da azurfa. Kafin su, babu ƙungiyar Afirka da ta kai wannan matsayi.

Abin da ya fi burge mu shi ne ɗan wasan Mali Oumar Ballo, wanda bai cika shekara 17 ba a lokacin, amma aka zaɓe shi tare da abokin wasansa Siriman Kanouté cikin gwanaye biyar na gasar. Allah ya nuna mana ranar da za mu ambaci ɗan Maraɗi a irin wannan jeri.