Ciwon bushiya da dokar bisashe

Kowa ya san bushiya, ƴar dabbar nan mai ƙaya. Amma makiyaya sun san wata bushiya dabam, wadda ciwon shanu ce. Saniyar da ta kamu, jikinta yakan yi zafi, idanunta su yi ta hawaye, bakinta ya yi miki. Sai zawo ya biyo baya. Cikin ƴan kwanaki ta mutu. Wajen shekarar 1890 ciwon ya shigo Afirka ta Yamma, ya kashe shanu ba iyaka.

Irin wannan ciwo ba ya tsayawa a garke guda. Bisashe suna gamuwa a bakin rijiya, da burtali, da kasuwa. Don haka gwamnati ta kafa doka a kan cututtukan bisashe masu yaɗuwa.

In makiyayi ya ga alamar ciwo a garkensa, tilas ne ya gaya wa mai gari ko malamin dabbobi. Malamin ya zo ya duba, ya ɗebi jini cikin ƴar kwalba. Ana aika jinin Yamai, inda masana suke auna shi. In ciwon ya tabbata, sai a tsare garken wuri guda. Ba ya zuwa kasuwa, ba ya shan ruwa tare da sauran garkuna. Wadda ta mutu kuwa ba a feɗe ta. Ana binne ta cikin rami mai zurfi, ko a ƙone ta.

Dokar tana da nauyi ƙwarai. Wani yana so ya sayar da sa guda ya sayi hatsi, ga shi an hana. Shi ya sa wasu suke yin shiru, ko su kore garkensu da dare. Ba su tsere wa ciwon ba, sun dai kai wa wasu.

A 1962 Nijar da Nijeriya da Cadi da Kamaru suka haɗa kai don yi wa shanu allurar rigakafin bushiya. Wadda aka yi wa, sai a yi mata shaida a kunne. Ciwon ya kwanta, aka yi sake, ya dawo a farkon shekarun 1980. Aka sake tashi tsaye a 1986. A 2011 aka bayyana cewa bushiya ta ƙare a duniya baki ɗaya.

Ciwon huhu na shanu dai yana nan, shi ma tilas ne a kai labarinsa.