Darasi: Duba Unguwa Kafin Biyan Haya

Magidancin da zai koma birni da ƙananan yara, kada arahar haya ta ruɗe shi. Gani ya kori ji. Ya je unguwar da kansa. Ya taka da ƙafa daga ƙofar gidan zuwa makaranta, asibiti da famfo. In sai yaro ya tsallaka babban titi, akwai haɗari.

Ya lura da kududdufi. Nan sauro ke hayayyafa, nan kuma yara kan faɗa. In da hali, ya je cikin Agusta, lokacin da damina ta yi ƙarfi, ya ga ko ruwa na shiga gidan. Ya gai da mai unguwa, ya tambayi halin maƙwabta. Bayan haka sai ya biya haya.

Tambaya: Don me ake duba gida da damina?