Yadda Malami Zai Ci Gaba da Darasi ta Wayar Hannu, daga Maga har Garwa

Ranar 18 ga Maris, 2020, aka rufe makarantun Kamaru saboda annobar korona. Gidan talabijin na CRTV ya riƙa watsa darussa ga 'yan ajin jarrabawa, amma yaron da gidansu babu talabijin sai dai ya ji labari. A damunar 2024 kuma ruwa ne ya hana karatu, domin ambaliya ta mamaye Yagwa da Maga da wasu garuruwan Mayo-Danay daidai lokacin komawa makaranta. Saboda haka malamin wannan yanki yana buƙatar sanin yadda zai riƙe ɗalibansa da wayar da ke aljihunsa, ta manhajojin da ba a biyan ko sisi kafin a sauke su.

Abin farko ƙidayar wayoyi ne. Malami ya tambayi kowane ɗalibi wayar wa zai ara, kuma yaushe take gida. A Maga wayar gida ta uba ce ko ta babban wa, ta kan wuni tare da shi a gonar shinkafar kamfanin SEMRY ko wajen kamun kifi a tafki. Wanda ya sa darasi ƙarfe goma na safe, shi kaɗai zai zauna. Bayan sallar isha'i ya fi. Yaran da babu waya a gidansu a haɗa su uku ko huɗu da maƙwabci mai ita, kuma a nemi yardar iyaye tukuna, musamman iyayen 'yan mata. In uwa ko yaya ta shiga zauren WhatsApp na ajin tana ganin abin da ake yi, hankalin kowa ya kwanta.

Sai a buɗe zaure biyu a WhatsApp. Na farko a kulle shi yadda malami kaɗai ke iya tura saƙo, kada gaishe-gaishe su binne darasi. Na biyu na tambaya da amsa ne.

Darasin kansa hoto ɗaya ne da saƙon murya ɗaya. Malami ya rubuta abin da zai koyar a farar takarda da manyan baƙaƙe, ya ɗauki hotonta da rana, sannan ya yi bayani da muryarsa, kada ya wuce minti uku ko huɗu. Kalmomin darasi su zo da Faransanci, tunda da shi za a rubuta jarrabawar BEPC da ta Probatoire, amma bayani yana iya komawa Fulatanci, Musgum ko Hausa inda ya cije. Murya ba ta cin data kamar bidiyo, kuma yaro zai saurare ta sau nawa ya ga dama.

Har yanzu dai malami ne kaɗai ke magana, kuma nan ne mafi yawan irin wannan karatu ke mutuwa. Tura darasi ba koyarwa ba ce sai ɗalibi ya mayar da wani abu. Tun 2022 WhatsApp yana da wurin jefa ƙuri'a, shi za a mayar wurin tambaya. A rubuta tambayar, a jera amsoshi, a kashe maɓallin da ke bari mutum ya zaɓi fiye da ɗaya. Misali: gonar shinkafa mai tsawon mita 100 da faɗin mita 50, nawa ne girman filinta? Amsar gaskiya murabba'in mita 5,000 ce, wato rabin hekta. To, sauran amsoshin kada a jefa su haka kawai. A sa 300, domin wanda ya zaɓe ta kewayen gonar ya lissafa. A sa 150, domin wanda ya zaɓe ta tarawa ya yi maimakon ninkawa. Ta haka kowace amsa marar daidai take nuna wa malami inda yaro ya ɓace, gobe kuma ya san ta inda zai fara.

Ƙuri'ar tana da aibi biyu. Kowa na ganin inda jama'a suka karkata, sai mai shakka ya bi yarima ya sha kiɗa. Maganinsa a kira ɗalibi da sunansa, ya turo murya yana faɗin dalilin zaɓinsa, kuma kada kullum a kira masu ƙoƙari. Na biyu, waya ɗaya ƙuri'a ɗaya take da ita. Masu tarayya a waya su rubuta amsoshinsu a takarda, kowa da sunansa, su turo hoto.

A ƙarshen mako a yi ɗan gwaji da Google Forms. Malami ya mayar da takardar ta jarrabawa, ya sa amsar kowace tambaya da makinta, ya turo adireshin a zaure. Kada ya tilasta shiga da asusun Google, layin farko dai ya nemi sunan ɗalibi. Manhajar za ta duba, ta ba da maki, ta kuma nuna tambayoyin da aka fi faɗuwa. Tambaya biyar zuwa goma sun isa.

Darasin kai tsaye kuwa sai inda sabis ke da ƙarfi. Malamin Jami'ar Garwa, wadda aka kafa a 2022, ko na Jami'ar Marwa yana iya tara mutum 100 a Google Meet na awa ɗaya kyauta, ko a Zoom na minti 40, kowa ya kashe kyamara. Akwai Kahoot, wasan tambayoyi da aka ƙirƙiro a Norway, yara suna sonsa ƙwarai. Sai dai yana ƙara maki ga mai saurin amsa, don haka a ƙauye mai ƙarfin sabis zai ci, ba mai sani ba. Ni ban ba malamin Maga shawararsa ba.

Wanda data ta ƙare masa ba a bar shi ba. Ɗalibi ɗaya ya sauke darussan mako, ya raba wa sauran ta Bluetooth ko Xender ranar kasuwa. Malami kuma ya riƙe littafin kiran suna: duk wanda ya yi shiru darasi biyu a jere, a aika maƙwabcinsa ya dubo shi.

Manhajojin kyauta ne, amma data da cajin waya kuɗi ne, kuma bai dace su fito daga albashin malami kaɗai ba. Ƙungiyar iyaye da malamai, wato APEE, ta ware masa wani abu. Shugabannin makarantu kuma su sa a yi ƙidayar wayoyi a buɗe zaurukan tun makon farko na komawa makaranta, kafin ruwa ya raba yara da malamansu.