Yadda Za Ka Gane Baƙon Bakin Ruwa

Shamuwa da ruwa take zuwa, da ruwa take tafiya. Tun ba ta gama haɗa kaya ba wani baƙon ke isowa, sai dai shi ba ya sauka a bishiyar tsakiyar gari, shi ya sa ba kowa a garin Toranke ya san da zuwansa ba. Ɗan tsuntsu ne bai kai kurciya ba, tsawonsa kamar santimita 20, bayansa ruwan ƙasa, cikinsa fari fat. Masana na kiransa Actitis hypoleucos. A Turai da Asiya yake ƙyanƙyasa, ya ƙetaro Sahara wajen Agusta da Satumba, ya juya gida a Afrilu.

Yi sammako ka nufi fadama, ko kududdufin da ya fara janyewa, ko gaɓar Kogin Hadeja da ya biyo ta Wudil ya nufi Ringim. Sami gindin bishiya ka zauna, rana na bayanka.

Kada launi ya ɗauke maka hankali, don danginsa kusan duk rigarsu ɗaya. Tafiyarsa za ka sa wa ido. Ko yana kiwo ko yana tsaye, bindinsa na sama da ƙasa, ba hutu. Sannan dubi gaban kafaɗarsa: farin cikin nan ya hauro ya shiga tsakanin ƙirji da fiffike. In ka matsa ya tashi, dab da ruwa zai bi, fukafukai a sanƙare suna karkarwa, da farin layi a jikinsu, yana wani siririn kuka, tsii-wii-wii. Yawanci shi kaɗai za ka gan shi. Mai baƙi da fari ɗin nan da ke cika fadama da ihu kuwa zakaran ƙeƙuwa ne, ɗan gida.

Ƙwari da tsutsa yake tsinta a taɓo, ba ruwansa da shinkafar kowa, don haka a ja wa yara masu danƙo kunne. Dama wurin kiwon ya ragu, tunda madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun rage ambaliyar da ke malala har dausayin Hadeja da Nguru.

In ka tsinci mushensa da zoben ƙarfe a ƙafa, masu bincike ne suka sa. Rubuta lambar da ke jikin zoben da rana da wurin, ka kai wa ma'aikatan gandun daji.